Adashin ofis da adashin unguwa

Watan jiya adashinmu na ofis ya watse. Mu goma ne, kowa dubu ashirin a wata. Wani abokin aikinmu ya kwashi nasa, aka yi masa canjin wurin aiki, shi ke nan, waya ma ya daina ɗagawa. Ni kuwa kwasata ce ke tafe, da ita na yi niyyar biyan kuɗin makarantar yara. Wallahi abin ya yi min ciwo.

Amma ga abin da ya tsaya min a rai. Adashin unguwarmu ya fi shekara bakwai, har bayan cire tallafin mai a 2023 da komai ya yi tsada, ba wanda ya taɓa gudu. Shin mutanen unguwa sun fi na ofis tsoron Allah ne? Anya kuwa.

A 1980 Robert Axelrod na Jami'ar Michigan a Amurka ya shirya gasa tsakanin manhajojin kwamfuta, kowace ta zaɓa: haɗin kai ko cuta. Wadda ta lashe, ta Anatol Rapoport, dabararta mai sauƙi ce: fara da alheri, daga nan ka mayar wa mutum abin da ya yi maka. Amma fa tana cin riba ne idan za a sake haɗuwa gobe. A 2012 kuma masu bincike a Jami'ar Zaragoza ta Sifen suka nuna cewa idan mutane sun haɗu ta hanyoyi da yawa lokaci guda, haɗin kai ya fi jurewa ko da ribar cuta ta yi yawa.

To ka ji amsar. A ofis zare ɗaya ya ɗaure mu, takardar canji ta tsinke shi. A unguwa kuwa, wanda ya ci kuɗinka da shi za ku yi sahu da asuba, matarsa da taka biki ɗaya, kai za ka ɗauki makarar mahaifinsa. Ina zai kai fuskarsa?

Shi ya sa adashin WhatsApp da mutanen da ba a sani ba yake ba ni tsoro. Kafin ku zuba, ku tambayi kanku: in ya gudu, a ina kuma zan gan shi?

Abokin namu dai, in ya dawo ya biya, zan sake zubi da shi. Ita ma waccan dabarar, da zarar an gyara take yafewa.

Allah ya rufa mana asiri.