Daga Damagaram Zuwa Mirya, Ko A Zarce Gidimuni?

Duk lokacin da wata ƙungiya ta shirya wa iyalai yawon keke daga Damagaram, shawara kan rabu gida biyu: wasu su ce a tsaya Mirya, wasu su ce a zarce Gidimuni. Hanya ɗaya ce, babbar kwaltar da ta nufi gabas zuwa Gure, sai dai zangon ya bambanta.

Mirya tana da nisan kimanin kilomita 18 daga birni. Wanda ya tashi bayan sallar asuba, yana tuƙi a hankali, zai isa kafin hantsi ya dubi ludayi. Zai tarar da garake masu inuwa da gidajen maginan tukwane, kuma in ranar Lahadi ce, ga kasuwa ta cika. Zuwa da dawowa kilomita 36 ke nan. Yaro mai ƙwari da dattijo mai lafiya duk za su iya, a kuma yi sallar azahar a gida.

Gidimuni kuwa ta ninka wannan nisa fiye da sau uku. Ladan wahalar shi ne tabkinta, wanda itatuwan dabino da garake suka kewaye, aka kuma sa shi cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2019. Amma mai zuwa can bai kamata ya yi zancen dawowa a keke a rana guda ba, sai in gogagge ne. Dole a tanadi masauki, ko motar da za ta kwaso mutane da kekunansu.

Akwai kuma lissafin iska da rana. A lokacin hunturu iska daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka mai tafiya gabas da ita yake kokawa tun daga fita, sai a dawowa ta tura shi. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, kuma babu hikima a sa yara kan kwalta da tsakar rana. Ga manyan motoci da ke bin hanyar: in ayari ya tsinke, masu ƙarfi suka yi gaba, su wa za su tsare na baya?

Shi ya sa muke ganin ba da ƙarfin gwanin ayari ake auna nisa ba, da numfashin mafi rauninsu ake aunawa. Manufar irin wannan fita zumunci ce da kallon halittar Allah, kuma zumuncin da ya bar ƙaramin yaro shi kaɗai a bakin hanya da tayar da ta sace bai cika ba. A fara da Mirya, a ɗauki ruwa isasshe da famfo da kayan faci, a sa babba ɗaya gaba, ɗaya baya. Samarin da suka ga ƙarfinsu ya rage, sai a sa musu ranar Gidimuni dabam, bayan sun yi makonni suna gwaji. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya, amin.