Yaron Da A Ke Kira Danƙo

Jama'a, in ciwo ya fito fili kowa ya gani, sai a yi ta yi wa mai shi sannu. In kuwa ya ɓuya cikin jiki, babu kumburi babu miki, to, mai shi ya shiga uku, gama ga azabar ciwo ga ta bakin mutane. Irin na biyun nan na yi fama da shi tun ina ɗan shekara 13, shi ne na ke so in ba ku labari, ko Allah ya sa wani yaro ya tsira daga bulalar da na sha.

A Wudil aka haife ni cikin 1981, gidanmu ba nisa da kogi. Tun ina ƙarami aka lura jikina ba irin na sauran yara ba ne. Ina iya lanƙwasa babban yatsana har ya taɓa sangalin hannu, in tura gwiwoyina baya su gantsare kamar baka, in sunkuya in shimfiɗa tafin hannu a ƙasa ƙafafuna na miƙe. Abokaina suka sa mini suna Danƙo. Ran Juma'a in kasuwa ta cika, dillalan shanu sun taru a kara, sai yara su ja ni gefe su ce, "Danƙo, yi mana na kafaɗa!" Ni kuwa sai in zame kafaɗata ta sauko, in mai da ita ta ce ƙas, a yi ta shewa, wannan ya ba ni ƙosai, wancan ya ba ni rake. Ina tsammani baiwa ce aka yi mini. Ashe igiyar da ke riƙe da ni na ke sassautawa da hannuna.

Daminar 1994 ciwo ya soma. In na yi wunin huɗa, daren nan ba ni barci. Gwiwa, idon sawu, wuyan hannu, kowanne sai ya riƙa zogi kamar ana tura masa tsinke. Targaɗe kuwa ba a magana, ko langa na yi sai na kwana biyu ina ɗingishi. Da na gaya wa Baba, sai ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai da ke naɗe jikinka kamar tabarma a kasuwa, yau ka ce ba ka iya ɗaga garma?" Don Allah me zan ce masa? Ya taɓa jikina babu zafi, ya duba gwiwa babu kumburi. Duk mai hankali abin da zai ce ke nan, watau raki ne da lalaci. Ban ga laifinsa ba yanzu, amma a lokacin maganan nan ta fi ciwon ci mini rai.

A makarantar allo, in na daɗe zaune na tanƙwashe ƙafa, tashi sai da dafa bango. A firamare kuma, kafin in cika shafi guda yatsuna sun gaji, rubutu ya karkace, a ce ganganci ne, a tsala mini bulala. Inna kaɗai ba ta taɓa ƙaryata ni ba. Cikin dare sai in ji ta shigo da man kaɗanya ta murza mini gwiwa, ba ta cewa kome.

An yi magani iyakar yi. Wasu suka ce sanyin ƙashi ne, na sha saiwa da sassaƙe har na gaji. Aka auna jinina ko amosanin jini ne, aka ga ba shi ba ne. Wani tsoho mai ɗori ya mai da mini kafaɗa har sau uku, a na ukun ya girgiza kai ya ce da Baba, "Malam, ƙashin yaron nan lafiya lau ya ke, mariƙinsa ne ba ƙarfi." Daga baya na gane tsohon nan ya faɗi gaskiyar magana, ba tare da ya karanta littafi ko ɗaya ba.

Cikin 1998 na ɗauki buhun gero a kasuwa, kafaɗar ta goce, ta ƙi komawa. Baffana ya sa ni a mota sai Kano, tafiyar da ba ta kai mil 30 ba, muka sauka Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe tun 1959. Bayan an gyara kafaɗar, likita ya sa na yi masa abubuwan nan da na ke yi wa yara don ƙosai, shi kuwa yana ƙidaya. Ɗan ƙaramin yatsa dama da hagu, babban yatsa dama da hagu, gwiwar hannu biyu, gwiwar ƙafa biyu, sa'an nan sunkuyo: maki 9 ke nan, na ci 8. Wani likita mai suna Beighton ya tsara wannan awo cikin 1973, har yau kuwa da shi a ke aiki.

Ga yadda ya bayyana mana. Kowace gaɓa ƙashi biyu ne aka haɗa aka ɗaure da jijiyoyi, kamar yadda a ke ɗaure tankar ɗaki da igiya. Abin da ke ba jijiyoyin nan ƙarfi likitoci na ce masa kolajin. Na yawancin mutane kamar igiyar kaba ya ke, ba ya miƙewa, nawa kuwa kamar roba. Saboda haka tsoka ce ke ɗaukar aikin riƙe gaɓar dare da rana, ta gaji, ta yi ciwo. Ya ce gado ne, ya fi yawa ga yara da mata, kuma da yawan masu laushin gaɓa ba su jin ciwon kome. Baffa ya tafa hannu ya ce, "Af! Ai haka kakarsa ta ke." Akwai wani nau'i mai tsanani, wanda fata ma ke miƙewa, rauni ya yi wuyar warkewa, wanda likitoci biyu suka bayyana, Ehlers na Danmak cikin 1901 da Danlos na Faransa cikin 1908. Nawa bai kai can ba, alhamdu lillahi.

Na ce, "Likita, ina maganinsa?" Ya ce babu allura ko ƙwayar da ke ɗaure jijiya, sai dai a ƙarfafa tsokar da ke kewaye da ita. Ya hana ni wasan kasuwa faufau, ya hana ni ɗaukar kaya mai nauyi, ya kuma hana ni kwanciya, gama zaman banza na ƙara raunana tsoka. Ya tura ni wurin masu gashin ƙashi suka koya mini motsa jiki kaɗan kaɗan kullum, da tsayuwa gwiwa a ɗan sake, ba a gantsare ba.

Da muka komo Baffa ya kwashe labari duka ya gaya wa Baba. Baba ya yi shiru, ya daɗe yana jan carbi. Bai ce mini kome ba, ku kuwa kun san iyayenmu. Juma'a ta kewayo ya ja ragonsa kara, da yamma sai ga shi da tsohon keke, gama likita ya ce tuƙa keke na ƙarfafa cinya. Ya jingine shi ƙofar ɗakina ya wuce masallaci. Daga ran nan ya bar mini shuka da kiwon akuyoyi, ya ɗauke mini garma.

Yau ina aikin akawu, wanda tsofaffinmu har yanzu ke kira aikin En'e, ko da ya ke tun 1976 aka koma ƙananan hukumomi. Alƙalamina na naɗe da ƙyalle don ya yi kauri a hannu, ba ni kuwa cika awa guda zaune ban miƙe ba. Shekaru sun ɗan ɗaure gaɓoɓin, ciwon ya ragu, amma in hunturu ya shigo kafaɗar takan tuna mini da ƙosan Juma'a.

Kwanan baya na komo daga ofis na iske 'yata ta biyu, mai shekara 11, a zaure, ƙawayenta sun kewaye ta, ta manna babban yatsa a sangalin hannu suna dariya. Gabana ya faɗi. Na bari suka watse, na kira ta na ce, "Uwata, gwiwarki na ciwo da dare?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "I, Baba, amma ina tsoro a ce raki ne." Washegari na sayo mata ƙaramin bokiti na ɗebo ruwa, na kuma nemi izini a ofis don in kai ta Kano ran Litinin.