Rufe Makarantu a Lokacin Korona da Halin da Yaran Wurno, Rabah da Goronyo Suka Shiga

A watan Maris na 2020 gwamnonin Arewa maso Yamma suka yi zama a Kaduna, suka amince a rufe makarantu na kwana 30 daga ranar 23 ga watan domin daƙile yaɗuwar cutar korona. Kwana 30 ɗin ya zarce wata shida, domin in ban da 'yan ajin ƙarshe da aka mayar a farkon Agusta saboda jarrabawar WAEC, sauran ɗalibai ba su sake ganin allo ba sai wajen Oktoba. Umarnin iri ɗaya ne ga ɗan ma'aikaci da ke cikin birnin Sakkwato da ɗan manomi da ke ƙauyukan Wurno, Rabah da Goronyo, amma abin da ya biyo baya a gidajen biyu ya sha bamban, kuma ba a kan darussan da aka rasa kaɗai bambancin ya tsaya ba.

Watannin da aka rufe makarantun su ne suka fi kowanne aiki a kwarin Rima. A ƙarshen Maris ana cire albasa da tafarnuwa a fadamun Wurno da filayen noman rani da ke shan ruwa daga madatsar Goronyo, daga nan a shiga sharar gona, sai shuka idan ruwa ya sauka, sai noman fari da maimai, har a kai ga yankan gero. Magidancin da a da yake haƙura da hannun ɗansa daga safe zuwa azahar saboda boko, sai ya same shi a gida yini guda, kuma babu mai ganin laifinsa idan ya miƙa masa fartanya, ko ya tura shi korar jan-baki a gonar shinkafa, ko ya haɗa shi da jaki ya kai buhunan albasa bakin hanya. Da zarar gida ya saba da wannan hannun, ya kuma daina biyan ɗan ƙodago a madadinsa, mayar da yaron aji ya zama asara da ake iya ƙirgawa da kuɗi, alhali ribar karatun tana can nesa ba a ganinta.

Lamarin 'ya'ya mata ya fi tsanani. Yarinyar da ke aji biyar ko shida, wadda dama zamanta a makaranta ya rataya ne a kan lallashin da malamai da masu unguwa ke yi wa iyaye, ta koma ɗaukar farantin talla safe da yamma, kuɗin kuma yana shiga asusun kayan ɗakinta. Idan aka ɗaura aure a cikin wannan tsakanin, to maganar komawa aji ta ƙare. An ga irin haka a Saliyo bayan cutar Ebola ta rufe makarantu kusan wata tara tsakanin 2014 da 2015, inda 'yan mata da yawa ba su koma ba.

Hukumomi sun yi ƙoƙarin cike giɓin da abin da ake kira karatu daga nesa, wato koyarwa ta rediyo da talabijin da intanet ba tare da malami da ɗalibi sun haɗu ba. Sai dai tsarin yana ɗauka cewa akwai na'ura, akwai wuta ko batir, akwai kuma babba mai karatu da zai zauna kusa da yaro ya duba abin da ya rubuta. A gidan da rediyo ɗaya ce, tana rataye a kafaɗar maigida yana gona ko yana majalisa, darasin da aka watsa da hantsi iska kawai ya bi. Ƙididdigar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ta nuna kashi 91 cikin ɗari na mutanen jihar Sakkwato suna cikin talauci mai fuskoki da yawa, ma'ana talaucin da ake aunawa da rashin ilimi da lafiya da ruwa da muhalli, ba da kuɗin shiga kaɗai ba, kuma babu jihar da ta kai ta. Hatta abincin shirin ciyar da 'yan firamare, da aka ce za a riƙa kai wa gida a lokacin kulle, a Abuja da Legas da Ogun aka fara rabonsa.

Almajirai kuwa, waɗanda gwamnonin Arewa suka riƙa kwashewa a motoci suna mayarwa jihohinsu na asali a watannin Afrilu da Mayu, sun bar tsangayar da suka sani, kuma ba kowanne ne ya tarar da wata makaranta tana jiransa a ƙauye ba.

Abin da ya bambanta gabashin Sakkwato, inda Wurno, Rabah da Goronyo suke, da sauran wurare shi ne cewa annobar ta tarar da yankin a cikin wani ciwon. Tun a Yulin 2018 harin 'yan bindiga a Tabanni ya kori jama'a zuwa Gandi a ƙaramar hukumar Rabah, don haka akwai yaran da karatunsu ya yanke kafin a ji sunan korona. Makarantu ba su cika wata uku da buɗewa ba aka sace ɗalibai a Ƙanƙara ta jihar Katsina a Disambar 2020, gwamnatin Sakkwato ta Aminu Waziri Tambuwal ta rufe makarantun kwana 16 da ke yankunan iyaka, ciki har da na Rabah da Gandi da Goronyo. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, wata guda bayan haka aka kai mummunan hari kasuwar Goronyo. Uban da ya ga an rufe makaranta sau biyu a shekara ɗaya yana da hujjar ɗaukar ta a matsayin abin da ba a dogara da shi, musamman idan ya kwatanta ta da makarantar allo ta zauren unguwa, wadda malaminta maƙwabci ne da ba ya jiran takarda daga Sakkwato.

Waɗanda suka koma ma ba su tsira ba, domin an matse zangon da aka rasa cikin 'yan makonni aka ciyar da kowa gaba. Yaron da ya bar aji biyu yana haɗa baƙi da wasali da ƙyar, ya dawo ya manta rabinsu, sai ya tsinci kansa a aji uku ana karanta masa darasi da Turanci. Masana na kiran wannan talaucin koyo, wato yaro ya kai shekara 10 bai iya karanta gajeren labari ya fahimta ba, kuma rajistar makaranta ba ta nuna shi tunda sunan yaron yana nan ana kira yana amsawa. Waɗanda ke aji ɗaya a 2020 sun kai ƙarshen firamare a 2025, kuma malamin da ya karɓe su a ƙaramar sakandare ta Wurno ko Goronyo zai fi amfanarsu idan ya fara gwada ko suna iya karanta jimla ɗaya ta Hausa kafin ya buɗe manhajar ajin.