Yawon Yini Ɗaya Daga Birnin Landan

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana da 'yan'uwana waɗanda ake aikowa ƙasar Ingila neman ilmi, da iyayensu da ke gida. Ni ɗalibi ne a Landan, shekarata ta biyu ke nan.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, na lura da yawa daga cikinmu ba su da wurin zuwa, daga ɗakin kwana sai ɗakin karatu. Mutum ya shekara uku a ƙasa, ya koma da takardar shaida, amma in an tambaye shi labarin ƙasar sai ya shiga kame-kame. In ka ce masa ku fita, sai ya ce babu kuɗi. Lalle Landan tana cin kuɗi, kuɗin ɗaki kaɗai ya isa ya ramar da mutum. Amma fa akwai garuruwa kewaye da ita waɗanda za ka tashi da safe ka je, ka yini, ka komo ka kwana a gadonka. Masauki shi ne ke karya matafiyi a nan, mai tafiyar yini ɗaya kuwa ya tsira daga gare shi.

Ga dabarar. Akwai wani kati da ake sayar wa mai shekara 16 zuwa 25, da ɗalibin da ya wuce haka in karatu ne kaɗai aikinsa. Mai katin nan ana rage masa sulusin kuɗin jirgin ƙasa har shekara guda. Kada ka tashi da sassafe ranar aiki, domin lokacin nan ma'aikata ke cika jirgi, kuɗi kuma ya hau. Ka bari sai hantsi, ko ranar Asabar, ka sayi tikiti tun da sauran kwanaki. In aljihu ya yi sanyi ƙwarai, babbar motar haya ta fi jirgi araha, sai dai ta fi shi jinkiri. Ka ɗauri guzurinka tun daga gida, ka riƙi laima, don ruwan ƙasar nan ba ya sallama. Ka kuma lura da rana: a watan Disamba tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, a watan Yuni kuwa sai bayan tara.

Garin da na fara zuwa shi ne Oksfod, kamar mil 60 yamma da Landan. Baƙo yakan sauka ya tambaya ina jami'ar take, alhali yana tsakiyarta, gama ba ta da harabar da aka kewaye wuri guda. Kwalejoji ne fiye da 30 a warwatse cikin gari, kowace da ƙofarta da farfajiyarta, yawancinsu ginin dutse. Waɗansu sukan karɓi kuɗi a ƙofa, amma gidan tarihi na Ashmoliyan, wanda aka buɗe a 1683, ko anini ba a biya. Nan kusa akwai ɗakin littattafai na Bodliyan, da aka buɗe a 1602, har yau kuwa ɗalibai na karatu a cikinsa.

Daga baya na je Kambirij, arewa da Landan, tafiyar kamar sa'a guda a jirgi. Waɗansu malamai ne da suka yi rigima da mutanen garin Oksfod suka yi ƙaura can a 1209, suka kafa jami'arta. Kogi ya ratsa bayan kwalejoji, samari na tunkuɗa kwalekwale da doguwar sanda kamar masuntan Yawuri. Shiga kwalekwalen da tsada, tsayawa bisa gada a yi kallo kuwa kyauta ne. A can na yi azahar a masallacin da aka buɗe a 2019. Ginshiƙansa na katako ne, sun yi rassa sun haɗu a sama kamar kurmi, ruwan saman da ya zuba a rufinsa kuma tara shi suke yi suna ban-ruwan lambu.

Wanda ke son ganin tsohon masallaci sai ya nufi Wokin, kamar rabin sa'a daga tashar Watalu. A 1889 aka gina shi, shi ne na farko da aka gina musamman don salla a ƙasar Ingila. Abin da ya ba ni mamaki, mace ce ta ba da yawancin kuɗin, watau Shah Jahan Begum, sarauniyar Bofal ta ƙasar Indiya, sunanta kuma aka sa masa. Ƙarami ne, amma da kyan gani.

Biraitin kuwa bakin teku take, kudu da Landan, kamar daga Zariya zuwa Kaduna. Gaɓarta ba rairayi, tsakuwa ce zalla. Cikin gari akwai wani gida mai ƙubbobi, in ka hango shi ka ce masallaci ne, ashe gidan shaƙatawar Sarki Joji na Huɗu ne, an gama shi a 1823. Lokacin yaƙin duniya na 1914 an mai da shi asibiti, aka yi jiyyar sojan Indiya a ciki. Shiga gidan sai da kuɗi, lambunsa kuwa kowa na zama.

Wani zai ce karatu aka aiko mu, ba yawo ba. Gaskiya ne, ban kuma ce kowa ya bar darasinsa ba. Yini ɗaya a wata ya isa. Amma mu tuna ba littafi kaɗai aka aiko mu mu duba ba, don littafi ana iya aika mana shi har gida. An aiko mu ne mu ga yadda mutane ke riƙon garuruwansu, gani kuwa ya kori ji. Ni dai da na ga ginin shekara ɗari huɗu ana ta gyaransa ana aiki a ciki, sai zuciyata ta koma ga badalar Kano da hasumiyar Gobarau ta Katsina. Wanda ya ga haka da idonsa, in wata rana aka ba shi riƙon wani aiki a gida, da wuya ya bar kayan kakanninmu su zube yana kallo.

Saboda haka ina kira ga iyaye, in kun yi magana da 'ya'yanku, bayan kun tambayi jarrabawa, ku tambaye su wane gari suka gani a watan nan. 'Yan'uwana ɗalibai kuma, ku haɗu biyu ko uku ku fita, domin kwanakin zama a baƙuwar ƙasa ƙidayayyu ne.

Allah ya mai da mu gida lafiya da abin da zai amfani jama'a, amin. Haza wasalam.

Ni ne naku,
Wani Ɗalibi, Landan.