Daga Yashin Matamaye Zuwa Duwatsun Damagaram

Matafiyin da ya tashi daga Matamaye ya nufi Damagaram, yashi yake fara gani. Ga gonakin hatsi, ga gawo, ga rake a fadamun Korama. A can rijiya ba ta da wuyar gina, ruwa yana kusa. In ya wuce Kance da Takeita ya kusa birni, sai ƙasa ta sake. Manyan duwatsu ne birjik, wani bisa wani, har cikin unguwar Birni.

Mafarin duwatsun nan yana da nisa. Masana ilimin ƙasa sun ce bayan duniya ba falle ɗaya ba ne. Faifai ne manya-manya masu motsi sannu, faɗin yatsa biyu ko uku a shekara. Fiye da shekara miliyan 600 da suka wuce, akwai teku tsakanin yankinmu da ƙasar yamma. Faifan biyu suka matso juna. Ƙasan tekun ya nutse ƙarƙashin ɗayan, har tekun ya rufe.

Dutsen da ya nutse ya sha nauyi da zafi, ya rikiɗe, kamar yadda yumɓu ke zama tukunya in ya sha wuta. Daga baya wani sashensa ya komo sama. Shi ne dutsen da ake kira ekilojit, kore mai ɗigon ja, mai nauyin gaske. Wanda ke son ganinsa sai ya yi yamma, zuwa Gurma ta ƙasar Mali, wajen Ansongo. A shekarar 1994 wani masanin Faransa, Renaud Caby, ya ba da labarin wani ma'adini da ya samu cikin duwatsun wurin. A irin waɗannan duwatsu, ma'adinin ba ya samuwa sai a zurfin da ya kai wajen kilomita 90. Akwai ekilojit kuma a dutsen Lato na ƙasar Togo.

Karon nan ya taɓa ƙasarmu. Dutse ya narke a cikin ƙasa, ya taso, ya daskare. Da yawa daga tsofaffin duwatsun Damagaram da Muniyo na zamanin nan ne, wasu kuma sun zo daga baya.

Yashi yana shan ruwan sama, ya ajiye shi. Dutse kuwa ba ya riƙe ruwa sai inda ya tsage ko ya ruɓe. Shi ya sa Damagaram ta daɗe da ƙishirwa. Ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa aka mai da babban birni Yamai a 1926.

To, ƴan'uwa manoma da makiyaya, kafin gari ya tara kuɗin rijiya a ƙasar dutse, a nemi ma'aikatan ruwa su auna wurin. Magini yana iya shan wahalar gaba goma a banza, alhali ruwa yana cikin tsaga can gefe kaɗan.