Sanyin Esi Daga Inji Yake Fitowa

Rubutun wannan makon daga Babban Mutum yake zuwa muku, a ƙaramar hukumar Baure, can gefen masarautar Daura inda ake tsallakawa Nijar ta wajen Magariya.

A littattafanmu, in jarumi ya ɗauko masoyiyarsa a mota, layi ɗaya ake ba al'amarin: ya kunna esi, sanyi ya gauraye motar. Da wuya ka karanta inda esin ya ƙi. Mu kuwa a nan, a watan Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, mun fi sanin esin da ke ƙi. Motocinmu kusan duk na hannu ne. Da can 'yan Kwatano ne da ake biyowa da su ta Nijar, kafin gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairun 2017. Yanzu yawanci sai mota ta gama yi wa wani bauta a Turai, ta yi wa wani a Kano, sannan ta iso hannunmu.

Da zarar esi ya daina sanyi, hukuncin da muke yankewa ɗaya ne: gas ya ƙare. A tafi Daura a ɗura, a biya, bayan sati biyu a dawo gidan jiya. Alhali gas ɗin esi ba fetur ba ne da zai ƙone. Zagayawa yake yi a cikin rufaffen bututu, in ya ragu to akwai inda yake yoyo. Sau da yawa ma gas ɗin na nan cike, ciwon yana jikin inji.

Kwamfiresa, wadda ke matsa gas ɗin, ba ta da ƙarfin kanta. Inji ne ke juya ta da bel. In bel ya saki ko ya tsattsage, sai ya riƙa sulɓewa, ka ji wannan ƙarar mai kama da kukan ɗan tsako duk lokacin da aka kunna esi. Gas ɗin da aka matsa yana fitowa da zafi sosai, sai ya bi ta kwandansa ya huce. Kwandansa kuwa a gaban lagireto take zaune, iska ɗaya suke sha, fanka ma sau da yawa ɗaya ce. Ku duba abin da gaban mota ke haɗiya a garinmu: ƙurar hunturu, ƙaiƙayin gero lokacin sussuka, yashi, ƙwari, guntun leda. Duk a tsakanin waɗannan siraran haƙoran suke maƙalewa. In suka toshe, gas ba ya hucewa, matsinsa ya hau, makunnin kariya ya kashe kwamfiresa. Alamar ba ta ɓuya. A kan titi tsakanin Zango da Daura, mota na gudu iska na shiga, sanyi zai zo. Da an tsaya a shingen bincike sai iska mai ɗumi ta fara fitowa. Maganin wannan wanki ne da ruwa marar ƙarfi da gyaran fanka, amma mai motar kuɗin gas zai je ya biya.

Inda abin ya fi ba mu tsoro shi ne lagireto. Mun saba cika shi da ruwan rijiya maimakon ruwan da aka yi dominsa, tsatsa da gishirin ruwan su taru su cushe hanyoyin. Inji ya fara ɗaukar zafi. A motoci da yawa masu ƙwaƙwalwa, in zafin ya kai wani mataki, ƙwaƙwalwar ce da kanta ke yanke esi don ta rage wa inji kaya. Wato motar gargaɗi take yi. Sai a samu wani mai gyara, a mai da shi gwani, ya haɗa wayar kwamfiresa kai tsaye ta daina yankewa. Sanyi ya dawo, kowa ya yi murna, har ranar da ruwa zai tafasa a hanya gaskit ya ƙone. Mun ga motar gida da ta tsaya haka da mai naƙuda a ciki, ana hanyar asibiti a Daura, rana tsaka. Kuɗin da aka kashe a kan injin daga baya ya ninka na wankin lagireto nesa ba kusa ba.

Cire tamostat ma, da masu gyara ke yi da hujjar cewa don ƙasar sanyi aka yi shi, mu ba mu gamsu ba. Yana ɓoye ciwon ne kawai, injin ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya ƙara shan mai.

Sai maganar silo. Esi kaya ne a wuyan inji. In fulogi sun gaji, matatar iska ta cika da ƙura, baƙin mai ya wuce lokacinsa, da an kunna esi a tsaye za ka ji motar na karkarwa kamar mai zazzaɓi, wani lokacin ta mutu. Mai ita ya ce esi ne ya lalata masa mota, alhali sabis take nema tun bara.

Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, da yawanmu mun daina taɓa makunnin esi gaba ɗaya, kuma ba mu ga laifin kowa ba. Sai dai man da ke jiƙa kwamfiresa da robobin mahaɗar bututu tare da gas yake zagayawa. In aka bar shi watanni a kashe, robobin su bushe, yoyo ya fara. Minti goma a sati ya isa ya hana hakan, ko da a cikin sanyin Janairu ne. Ranar da ɗurin ya zama dole, a ɗaga bonet a karanta takardar da ke liƙe. Yawancin motocin da muke hawa R134a suke sha, kuma ba a gauraya shi da wani.

Wanda zai sayi mota ta hannu, kada ya yarda dillali ya gwada masa esi da sassafe a inuwa, don gas ɗin da aka ɗura jiya zai yi sanyi yau ko da bututun na yoyo. A bari sai bayan azahar. A fito da ita rana, a kunna esi, a bar ta tsaye tana silo minti ashirin. A sa ido a kan allurar zafi, a saurari fanka ko ta tashi, a ji ko kwamfiresa na yawan kamawa tana saki. Bayan injin ya huce sarai, a buɗe murfin lagireto a ga kalar ruwan. In ja ne kamar kunun kanwa, a rage kuɗin wanki da na gaskit daga farashin tun kafin a yi sallama.