Kaluluwar Bayan Kunne: Abin da Ya Faru da Autanmu

Kwana biyu kun ji ni shiru, ba komai ya jawo ba illa zirga-zirgar asibiti da muka sha da autan gidanmu. Yanzu da hankali ya kwanta na ga ya dace in ba ku labari, domin na san da wuya a sami gidan da ba a taɓa ganin irin wannan ba a nan Sabon Shagamu.

Auta shekararsa bakwai. Wata ranar Juma'a Inna tana yi masa wanka, sai ta ji wani ƙullutu a bayan kunnensa na dama, kamar ƙwayar gyaɗa. In an taɓa yakan ce da zafi kaɗan, amma yana wasansa, yana cin tuwonsa. Kakarmu ta shafa ta ce kaluluwa ce, a riƙa gasa masa da tsumma mai ɗumi. Bayan kwana biyar ta biyu ta fito a ƙasan ta farko. Baba ya aike ni kemis aka haɗo mini kafso, ya shanye, ba abin da ya canza. Daga nan sai maganar wanzami ta taso, wai a yi sakiya a fitar da mugun jini.

A gaskiya da na ji haka gabana ya faɗi, saboda abin da na gani da idona shekara uku da suka wuce. Akwai wani yaron Baba da ke ɗaure mana huhun goro, kaluluwa ta fito masa a wuya, ƙasa da kunne, ba zafi ba komai. Wasu suka ce sammu ne, aka tsaga wurin, ya ƙi warkewa, kullum ruwa na fita. Yana ramewa, yana jiƙa tabarma da gumi cikin dare, amma in an yi masa maganar asibiti sai ya ce a bari ya je gida bayan Sallah. Sai da ya kasa ɗaga huhu sannan aka kai shi. Ashe tarin fuka ne ya kama kaluluwar, alhali ko tari ba ya yi. Wata shida ya yi yana shan magani, kyauta kuwa, ya warke, amma tabon yana nan, kuma ya yi kusan shekara ba ya iya aika wa iyayensa ko sisi.

Da dare na sami Baba na ce, "Baba, don Allah a dakata da wanzamin nan, a ba ni yaron in kai shi asibiti."

Ya ce, "Kai da ka yi boko ka fi kakarka sani ke nan? Gobe motar Sakkwato za ta yi lodi, wa zai tsaya a kan kaya?"

Ban ce komai ba, sai na ambaci sunan yaron nan. Ya yi shiru, can ya sa hannu a aljihu ya ce in dawo kafin la'asar.

Likitar da muka samu Bayarabiya ce, ni kuma a nan aka haife ni, don haka da Yarbanci muka yi magana. Ta fara da tambayoyi: yaushe ta fito, tana ƙara girma, yana zazzaɓi, ya rame, akwai mai tari a gida, kunnen yana ciwo ko yana ruwa, akwai kyanwa a gidan. Ta tattaɓa ƙullutun, ta laluba wuyansa da hammata da matsematsi, ta haska kunne da maƙogwaro. Sannan ta ce ya cire hula. To a nan asiri ya tonu. Makero ne a ƙeyarsa, gashin wurin ya kakkarye, ya sosa har ya fara mugunya. Wallahi duk mun san da shi, amma ba wanda ya haɗa shi da kaluluwar, domin kuwa rabin yaran makarantar allonsu suna da shi, kuma aska ɗaya ake bi da su.

Bayanin da ta yi mini shi ne dalilin wannan rubutu. Ta ce kaluluwa ba baƙuwa ba ce, da ita aka haifi kowa. Akwai ɗaruruwansu a jiki, aikinsu tace ruwan jiki da tare ƙwayoyin cuta, ba a jin su sai sun kama aiki sun kumbura. Kowace kuma da unguwar da take gadi. Ta bayan kunne fatar kai take tsarewa, shi ya sa makero, ƙwarƙwata, ƙurajen aski ko ciwon kunne ke tayar da ita. Ta gaban kunne kuwa ido da fatar gefen fuska take tsarewa, don haka takan tashi in mutum ya kamu da afolo. Yakushin kyanwa ma yana kawo ta. Hangum kuma daban yake, shi wurin da ke yin yawu ne yake kumbura a gaban kunne zuwa muƙamuƙi. Wato kaluluwa 'yar aike ce, in ka tsaga ta ka hukunta ɗan aike ne, wanda ya aiko shi yana nan zaune.

Na tambaye ta dalilin da kafson kemis bai yi aiki ba. Ta ce makero dangin funfuna ne, irin wannan kafso ba ya taɓa shi, man shafawa kaɗai ma ba ya isa saiwar gashi. Ta rubuta masa maganin sha na mako shida, a riƙa ba shi da madara ko abinci mai maiƙo, da sabulun wanke kai, ta ce kada ya yi tarayyar hula ko mataji da kowa.

Ta kuma lissafa mini alamomin da ba a jira da su. In kaluluwa ta wuce mako biyu zuwa huɗu ba ta sauka ba, ko tana ƙara girma har ta kai kamar santimita 2. In ta yi tauri kamar dutse, ba ta motsi, ba ta zafi, domin wadda ba ta zafin ita ce abar tsoro. In akwai rama, gumin dare ko zazzaɓin da ya ƙi tafiya. In ta fito a wurare da yawa, ko a saman ƙashin wuya. In kuma bayan kunnen ya yi ja ya kumbura har ya turo kunnen gaba, ga zazzaɓi ga ciwon kunne, to ƙashin wurin ne ya kamu, a ranar ake zuwa asibiti. A irin waɗannan ne ake yin gwajin jini, da hoton ƙirji, da sikanin, wani lokaci a zuƙo ɗan ruwan ciki da siririyar allura a auna, don a gane ko tarin fuka ne, ko cuta mai karya garkuwar jiki, ko sankara. Ta ce galibi ba a kaiwa can, amma ba da ido ake rabewa ba.

Yau mako bakwai ke nan. Gashin Auta ya fara tsirowa, ƙullutu ɗaya ya ɓace, ɗayan ya koma kamar ƙwayar dawa, likita ta ce a hankali zai tafi. Baba ya sayo mana askarmu ta gida, ya kuma yi wa malamin makarantar magana a kan sauran yaran.

'Yan uwa, na san abin da ke hana mu zuwa asibiti a nan: dogon layi, harshen da ba mu ji, kasuwar da ba a bari, da kuma "sai na je gida". To ciwo ba ya jiran Sallah. Wanda ba ya jin Yarbanci ko Turanci ya kama hannun ɗaya daga cikinmu da aka haifa a nan, wannan aikinmu ne. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu koma gida da ƙafafunmu, amin.